'Yata ta shiga JK a Toronto, mako uku ke nan ba ta zo da aikin gida ko sau ɗaya ba

Maman Ilham:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni sa yara a makaranta a nan lardin Ontariyo na Kanada, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Shekararmu ɗaya da rabi da zuwa Toronto daga Kano. Ilham ita ce 'yar farina, haihuwar Nuwamba ce, sai watan jibi za ta cika shekara huɗu. Ni da so samu ne da an bari sai baɗi, tunda dole ba ta hawa kan yaro a nan sai ya kai shida. Amma an ce mana duk wanda zai cika huɗu kafin ƙarshen Disamba yana iya shiga JK, wato shekarar farko ta kindagatin, ajin 'yan shekara huɗu, a Satumbar shekarar, Abban Ilham kuma ya ce zaman gidan ya ishe ta haka, a kai ta cikin yara. Aka kai ta.

Ranar farko Talata ce, washegarin hutun ranar ma'aikata, wanda su a nan Litinin ɗin farko ta Satumba suke yi. Tun da dare na yi mata kitso, na rubuta sunanta a jaka da gorar ruwa da takalma ƙafa biyu, domin sun ce na waje daban, na cikin aji daban. A bakin shinge ake karɓar yara, iyaye ba sa shiga. Ta damƙe gefen hijabina da hannu biyu. Malamar ta tsuguna har ƙasa tana yi mata magana a hankali, ita kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya. Da aka shige da ita na tsaya a bayan wata bishiya ina share hawaye har aka rufe ƙofa. Kwana huɗu ta yi tana kuka da safe. Yanzu alhamdu lillahi da gudu take shiga.

Abin da ya dame ni shi ne abin da take dawowa da shi. Yashi a takalmi, fenti a hannun riga, wani lokaci takarda mai zane-zanen da ban gane kansu ba. In na ce, "Ilham, me kuka yi yau?" sai ta ce, "Wasa." Babu littafin rubutu, babu aikin gida. Alhali ɗan yayata da ke Kano, wanda wata biyar kawai ya ba ta, yana aji biyu na nazare, littattafansa huɗu, yana rubuta ɗaya zuwa hamsin, yana karanto A zuwa Z ba gargada. Ranar Lahadi muna waya ta bidiyo da Hajiya surukata, ta ce, "To Ilham, karanto mini abin da aka koya miki." Yarinya ta yi shiru tana wasa da yatsunta. Hajiya ta ce, "Ashe a Turan ma wasa ake kai yara yi?" Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma maganar ta kwana a raina.

Na tari malamar a bakin shinge na tambaye ta. Ta ce kada in damu, in dinga karanta mata littafi, in yi ta yi mata hira ko da harshenmu ne. Minti biyu ba mu yi ba wasu iyayen suka zo. Shin in sayo littattafan koyon rubutu in dinga zaunar da ita da kaina? Sannan Abbanta ya kawo shawarar mu koma yi mata Turanci zalla a gida don ta kamo sauran yara. Ni zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, mahaifiyata ba ta jin Turanci, da me za su gaisa? Ga shi kuma abincin da nake zuba mata kusan yadda na zuba haka yake dawowa. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka mini.

Anti Rabi, Hamilton:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Sannu da ƙoƙari. Na koyar a firamare a Zariya shekara goma sha ɗaya kafin mu zo, yanzu kuma shekarata bakwai ina aiki a irin ajin da 'yarki take. Ba ni ce malamar aji ba, ni ce ta biyun, mai takardar renon ƙananan yara. Tun da aka fara mayar da ajin na yini guda a 2010, har ya game makarantun gwamnati duka a 2014, haka tsarin yake: manya biyu, yara kimanin ashirin da shida, sau da yawa 'yan shekarar farko da 'yan ta biyu a haɗe.

Makon farko da na fara aikin nan ni ma na koma gida na ce wa maigidana waɗannan mutane ba karatu suke ba. Sai da na zauna na lura.

Bari in gaya miki abin da 'yarki take yi wanda ba za ta iya ba ki labarinsa ba. Da safe in sun shigo, a yawancin azuzuwa akwai katuna a baje, kowa sai ya nemo mai sunansa. Yarinyar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba, cikin mako biyu za ki ga ta gane nata, ta gane cewa da doguwar sanda yake farawa. Nan gaba za ta ce wa wata Isabel, "Irin nawa ne a farkon naki." Karatun ke nan ya fara. Akwatin yashin da ke cika miki takalmi, akwai kofuna manya da ƙanana a ciki, muna tsugune a gefe muna tambaya: ƙaramin nan sau nawa zai cika babban? Almakashi da yumɓun wasa da zura duwatsu a zare kuwa, yatsu ake ƙarfafawa. Hannun ɗan shekara uku da wata goma bai gama nuna ba. A Zariya na sha riƙe hannun yaro ina jan fensir da shi, shafi ya cika, uwa ta ji daɗi, amma ni na san rubutuna ne ba nasa ba.

Kan lissafi, ga gwajin da za ki yi yau da daddare. Ki zuba dabino shida a faranti ki ce ta ƙirga. Ki kalli yatsanta, kada ki kalli bakinta. Shin kowane dabino lamba ɗaya take ba shi, ko baki yana gudu yatsa yana binsa a baya? In ta gama ki ce, "To nawa ne?" Idan ta ce shida, madalla. Idan ta koma farko tana sake ƙirgawa, to ba ta riga ta gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimillar duka ba. Daga nan ki baza su nesa da juna a gabanta ki sake tambaya. Yara da yawa za su ce sun ƙaru. Na ga yaron da yake rera ɗaya zuwa ɗari kamar waƙa, na ba shi murafen kwalba bakwai ya ƙirgo tara. Ban raina haddar ɗan yayarki ba, hadda tana da amfaninta, mu da muka tashi da allo mun sani. Amma rubuta hamsin daban, sanin biyar daban.

A gida ba kya buƙatar sayen komai. Ku buga ludo, har ta dinga ganin ɗigo huɗu ta ce huɗu ba tare da ta ƙirga ba. Ki ce ta ɗauko cokula daidai mutanen gidan. Ki jera wake, masara, wake, masara, ki ce me zai biyo baya. Ku ƙirga matakalar bene kuna hawa. Kuma ki yi da Hausa, domin a nan Hausa ta fi Turanci sauƙi: "goma sha ɗaya" da kanta tana gaya wa yaro goma ce da ɗaya, alhali kalmomin Turanci na sha ɗaya da sha biyu ba sa nuna komai, sai dai a haddace.

Abu ɗaya da ba zan ɓoye miki ba: yara ashirin da shida suna da yawa, kuma yarinya mai shiru wadda ba ta rigima ita ce ake saurin mantawa da ita. Kada ki tsaya a hirar bakin shinge. Ki rubuta wa malamar ki nemi a ba ki lokaci ku zauna, in kina so ki nemi a samo tafinta. Wajen Nuwamba za a ba ki takardar farko ta abin da suka lura da shi, sai wata a Fabrairu, ta ƙarshe a Yuni. Ba maki a ciki, ba na ɗaya ba na biyu, bayani ne zalla. Ki karanta shi da kyau, duk abin da ba ki gane ba ki tambaya.

Baban Sadik:

Anti Rabi, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kika faɗa kan lissafi na yarda da shi. Amma kan karatu ina da ja kaɗan, domin ni abin ya taɓa ni.

Sadik ya yi shekara biyun nan yana wasa da farin ciki. Duk lokacin da na tambaya sai a ce mini kowane yaro da lokacinsa, zai kama da kansa. Na saki jiki. Yana aji biyu wata rana na zauna da shi da wani ɗan littafi, yana ta karantawa ina murna. Sai na sa tafin hannu na rufe hoton. Yaro ya tsaya cak. Ashe hoto yake kallo da baƙin farko, ya cinci sauran. Kalmar da ke nufin doki ƙarami ya karanta ta da doki, domin doki ya gani a zane. Ranar ban iya cin abincin dare ba. Sai da muka yi shekara guda da rabi muna biyan mai koyarwa kafin ya miƙe.

Daga baya na gane ba mu kaɗai ba ne. A Fabrairun 2022 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ontariyo ta fitar da rahoton binciken da ta yi kan haƙƙin yara na iya karatu. Ta ce hanyar koya wa yara cinta daga hoto da yanayin jimla tana barin yara da yawa a baya, musamman masu matsalar gane rubutu, ta kuma nemi a dinga koyar da sautin baƙaƙe kai tsaye, daki-daki, tun daga kindagatin. A 2023 aka sauya manhajar harshe ta firamare, daga baya kuma aka shigo da gwajin karatu na wuri ga yara daga shekara ta biyu ta kindagatin zuwa aji biyu. A farkon 2024 gwamnatin lardin ta sanar cewa shi ma kindagatin ɗin za a sabunta manhajarsa a ƙara koyarwa kai tsaye. Don haka Maman Ilham, 'yarki ta zo a lokacin da ya fi na ɗana. Amma idan kin zauna da malamar, ki tambaye ta ƙarara: wane sauti kuke koyarwa a wannan watan, kuma da wane jeri?

Abin da ya ba ni mamaki, wannan da suke kira sabon abu shi ne aka yi mana a makarantar allo. Babbaƙu tukuna, ka san kowane baƙi shi kaɗai. Sannan farfaru, a sa masa wasali ka ji yadda yake fita. Sannan ka haɗa. Ba wanda ya taɓa ce mana mu kalli hoto mu cinta.

Da ƙanwarsa ban jira kowa ba. Minti goma bayan magariba, ba fensir, ba tsawa. Ina cewa, "Me kika ji a farkon 'masara'?" ta ce, "mmm." Sai mu zagaya falo muna neman abin da ya fara da mmm: madara, mota, Mama. Sautin nake koya mata, ba sunan baƙin ba. Ranar da ta gaji mu bari. Ban ce ki sayo littattafan nan masu shafi ɗari ki tsare ta ba, wannan sai ya sa ta tsani abin tun ba a je ko'ina ba.

Anti Rabi, Hamilton:

Baban Sadik, gaskiyarka. Na ga irin Sadik da idona, kuma muna cikin masu cewa "zai kama" a lokacin. Yanzu a ajinmu kullum akwai ɗan lokaci na sauti, a zaune a kan darduma, kafin a watse wasa. Abin da kawai zan ƙara, Ilham ba ta cika huɗu ba. Wasan kunne irin wanda ka kwatanta ya ishe ta a bana.

Ramatu 'yar Damagaram, Otawa:

Salamu alaikum. Ni kan maganar harshe zan tsaya, don Allah ƙanwata ki saurare ni.

Mu yaranmu lakwal ta Faransanci suke, domin a Ontariyo akwai makarantun gwamnati na Faransanci daban. Ajin 'yan shekara huɗu da na 'yan biyar duk akwai, tsarin ɗaya ne da naku. Da babban ɗana zai shiga, muka yi irin shawarar da maigidanki ya kawo. Muka bar Hausa, muka koma Faransanci a gida. Ga Turanci kuma yana kwasowa a titi da talabijin. Yau shekararsa goma sha uku. In Inna ta kira daga Damagaram, "lafiya lau" kawai yake iya cewa, sai ya miƙo mini waya. Inna ta taɓa ce mini, "Ramatu, kin kai mini jika inda ba na iya kiransa." Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Kuma ba wani fifiko da ya samu a lakwal saboda haka.

Ƙannensa biyu Hausa zalla muka yi musu. Ta tsakiyar ta yi kusan wata uku a aji ba ta ce uffan ba, har na tsorata. Madam ɗinsu ta ce in bar ta, tana tarawa ne. Bayan hutun Disamba bakinta ya buɗe, yanzu ita ke gyara mini Faransanci. Akwai wani malamin jami'ar Toronto, Jim Cummins, da ya daɗe yana bincike kan yara masu harshe biyu, abin da ya nuna shi ne abin da yaro ya gina a harshen gida yana tsallakawa da shi zuwa harshen makaranta. Yarinyar da ta san yadda labari yake farawa, ya yi tsakiya, ya ƙare, ba sai an sake koya mata da Turanci ba, kalmomi kawai za ta sauya.

Ki yi mata tatsuniya kowane dare. Ki ce "ga ta nan ga ta nanku," ta ce "ta zo mu ji ta." Ki tsaya a tsakiya ki ce, me kike gani Gizo zai yi yanzu? Gobe ki ce ita ta ba ki. Ki yi mata na kwaɗo da ƙato da suka je neman ƙoto, ta yi ta tuntuɓe tana dariya. Kunnen da ya raba ka da ƙa, ya raba da da ɗa, ya riga ya saba da bambance sauti. Turanci kuwa ko kin hana shi shiga gidanki sai ya shigo ta taga. Ki gaya wa Abban Ilham wata yayarsa a Otawa ta roƙe shi.

Maman 'Yan Biyu:

Kan abinci: sau da yawa ba ƙin ci suke ba, kasa buɗe kwanon suke, ko lokaci ya ƙare suna kallon wasu. Ranar Asabar ki zuba mata a kwanon makarantar ta buɗe da kanta ki gani. Ki rage yawa, ki yanka komai ƙanana. Nawa sun fi cin wainar shinkafa da ɗan wake da aka tsane, da ayaba.

Ki kula sosai da gyaɗa. Akwai yaran da ko kaɗan ta taɓa bakinsu numfashinsu yake sarƙewa, kuma tun 2005 lardin ya yi dokar da ta wajabta wa makarantu shirin kare irin waɗannan yara, shi ya sa kusan ko'ina ake hana ta. Mu kuma gyaɗa tana ɓuya a abincinmu: ƙuli-ƙuli, yajin tsire, man gyaɗa, miyar taushe. Ni na taɓa barbaɗa yaji a dafaffen ƙwai ban yi tunani ba, sai da na dawo gida na tuna, na koma da gudu na karɓo kwanon.

Kayan sanyi ki saya tun Oktoba, domin ko dusar ƙanƙara na zuba suna fita wasa, sai in sanyin ya yi tsanani. Ki koya mata jan zif da sa takalmi da kanta, ki sayi mai mannewa ba mai igiya ba. Katin laburare kyauta ne, ki yi mata nata da sunanta. In kina da ƙarami a hannu, ki nemi cibiyar EarlyON ta unguwarku, inda iyaye ke kai ƙananan yara wasa, ita ma kyauta ce, can na samu ƙawayen da nake da su yanzu.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana zuri'a.

Anti Rabi, na yi gwajin dabinon jiya. Ta ƙirga daidai har huɗu, daga nan yatsa ya tsallake ɗaya ta ce biyar ne. Na ce ta sake a hankali, ta samu shida. Da na ce nawa ne, sai ta koma farko, kamar yadda kika faɗa. Na rage su zuwa uku, nan take ta ce uku ba ta ko ƙirga ba, ta cinye ɗaya ta ce, "Yanzu biyu." Ni ban taɓa sanin ta san haka ba.

Wani abin kuma, da nake rataye jakarta sai ta nuna sunan da na rubuta ta ce, "Wannan nawa ne, mai sanda." Ta ja ni wurin kwalin madara tana neman mai sanda a jiki, har ta samo guda biyu.

Yaya Ramatu, na karanta wa Abban Ilham saƙonki. Ya yi shiru, sannan ya ce a bar maganar Turancin. Daren jiya shi ya yi mata tatsuniyar da kansa, ya manta tsakiyarta sai da ya kira Hajiya ta ƙarasa musu ta waya.

Kwanon ma na gwada, Maman 'Yan Biyu. Murfin ne, ko ni sai na sa ƙarfi. Na sauya shi.

Malamar ta ba ni ranar Alhamis ƙarfe uku da rabi. Na rubuta tambayar Baban Sadik ta sautuka a takarda don kada in manta, da tambayar ko Ilham tana magana da wani a aji ko ita kaɗai take zama. Anti, akwai wani abin da ya kamata in ƙara kafin ranar?